Matar da ta riga ni kiran sunan ɗiyata

Shekarun baya, lokacin da babbar ɗiyata take ajin kusa da ƙarshe a sakandare, na yi kishi da wata mata da ba ta ma san da zamana a duniya ba. 'Yar fim ce kuma mawaƙiya a ƙasar Japan. Ni kuwa dillalin motoci ne a Greenbelt, kusa da Washington, da furfura a gemuna. Wanda zai yi dariya ya yi, ni ma yanzu ina yi. Amma a lokacin abin ya hana ni jin daɗin abinci wata da watanni.

Daga Maraɗi na zo ƙasar nan da jaka ɗaya. Tasi na fara ja a cikin Washington, daga baya na shiga sayen motoci a gwanjo, in gyara, in loda su a tashar jirgin ruwa ta Baltimore su tafi Kwatano. A hankali Allah ya buɗa har na samu filin sayar da motoci na kaina. Ban yi boko mai zurfi ba, amma sana'ar nan ta koya mini kallon abu. Ba na sayen mota don ƙyallin fenti. Sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, na shafa gefen ƙofa, na nemo inda aka taɓa buga ta aka rufe.

Yarinyar nan ita ce ta fari a wurina, kuma sunan mahaifiyata na sa mata. Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da haka ke nufi: ba ni da bakin da zan kira wannan suna. Matata ma ba ta da shi, don sunan surukarta ne. In muna mu kaɗai ina ce mata Mamana. In da baƙi kuwa, kunyar 'yar fari ba ta bari ko wannan ya fito, sai dai "ke", ko "ina yarinyar nan take?" Uwarta tana ce mata Ummi, ƙannenta suna ce mata Yaya. Sunan nata na yanka yana nan a fasfo da takardun makaranta, yana kuma bakin malamanta Turawa da ke murɗe shi yadda suka ga dama. Amma a cikin gidanmu, tun ranar da liman ya raɗa shi, bai sake fitowa daga bakin kowa ba. Ni a ganina babu girman da uba zai ba ɗiyarsa da ya wuce wannan. Ban taɓa tambayar ta yadda ita take gani ba.

Ban san ranar da matar nan ta shigo mana gida ba. Na dai lura yarinyar ta fara kallon wasannin kwaikwayon Japan a waya, sai waƙoƙi, sai ga hoto a bayan ƙofar ɗakinta. Na ce a cire hoton saboda sallah, ta cire ba musu, ta mayar da shi cikin littafi. Daga nan ta roƙi a sa ta ajin koyon Japananci da ake yi ranar Asabar a can Northwest, unguwar ofisoshin jakadanci. Na yarda, don ni duk abin da aka kira karatu ba na hana shi. Ni nake sauke ta a tashar jirgin ƙasa na Metro da ke Greenbelt in zan wuce fili. Wannan yarinya da in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci, kafin shekara biyu ta fara hira da waya cikin wani harshe da ko kalma ɗaya ba na tsinta. Wannan ma ya sosa mini rai, amma na haɗiye.

Abin da na kasa haɗiyewa ya faru wata Lahadi da safe. Ina zaune ina shan shayi sai muka ji ihu daga ɗakinta. Matata ta saki ludayi ta ruga, ni ma na miƙe, don na ɗauka mugun labari ne ya zo daga gida. Sai ga yarinya ta fito da waya a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe, tana dariya. Ashe matar nan tana da shiri a rediyo duk mako, inda take karanta wasiƙun masu sauraro. Ɗiyata ta rubuta mata wasiƙa da Japananci, ta yi wata uku tana gyara ta kafin ta aika. Ranar aka karanta.

"Baba, saurara! Saurara!"

Ta kanga mini wayar a kunne. Na ji murya mai taushi tana zuba yarenta, ban gane komai ba. Can sai na ji shi: sunan mahaifiyata. Sau biyu ta faɗa, tana ɗan karya shi a tsakiya. Kun san yadda mutum zai ji in wani ya kira sunan uwarsa gatsal a tsakiyar kasuwa? Haka na fara ji. Amma da na dubi fuskar yarinyar sai wani abu daban ya taso mini. Shekara goma sha shida ina ciyar da ita, ina kai ta asibiti, ina tsayawa cikin dusar ƙanƙara ina jiran motar makarantarsu, ban taɓa ganin fuskarta ta yi wannan hasken saboda ni ba.

"Ta faɗi sunana, Baba," in ji ta da Turanci. "Sunana na gaske."

Na ce, "To, madalla. Sai ki rage sautin, ƙannenki na barci."

Ta dube ni, ta rage, ta koma ɗaki. Ta bayan ƙofa ina jin tana mayar da wurin baya tana sake saurara. Na ƙirga har sau tara kafin na ɗauki makulli na fita. Matata ta ɗauke kofin shayin da ban shanye ba da ɗan ƙarfi.

Akwai wani abokina ɗan Damagaram da muka ja tasi tare, shi har yanzu yana ja. Yakan biyo ta filina da hantsi mu sha shayi. Na ba shi labari, ina ta ƙoƙarin nuna masa maganar tarbiyya ce.

Ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, tsaya in gane. Mace ce?"

"Mace ce."

"Tana Japan?"

"Tana can."

"Kai kuma kana nan Greenbelt kana kishi da ita."

Na ce, "Wane irin kishi? Ina maganar abin da ke shiga kan yaranmu ne."

"Awo, na ji. Shi ya sa tun da na zauna ka zuba sukari sau uku a kofi ɗaya." Ya yi dariya har da buga cinya. "Mutumin da ya gina gida da motocin Japan! Yau Japan ta zo ta ɗauki ɗiya ɗaya tak, yana kuka."

Na ce ya tashi ya bar mini fili. Bai tashi ba sai da ya shanye shayin.

Da ya tafi na zauna na yi tunani irin na sana'a. Na ce babu yadda za a yi matar nan ba ta da wurin da aka buga aka rufe. Zan nemo shi in nuna wa yarinya da idonta, ta huta, ni ma in huta. Matsalar ita ce duk abin da aka rubuta a kanta da yarensu ne, kuma mutum ɗaya na sani da zai iya karanta mini. Saboda haka Asabar ta gaba, a hanyar tasha, na gyara murya na ce, "Mamana, wai ita wannan mawaƙiyar taku, daga ina ta faro?"

Yarinyar ta juyo kamar an ce mata ta ci jarrabawa. Ranar sai da jirgi biyu suka tashi muna zaune a mota tana ba ni labari. Ba ta taɓa yi mini magana mai tsawo haka ba, kuma abin haushin, a kan wata ce.

Ga abin da na tattara cikin Asabar huɗu ko biyar. Matar 'yar wani ƙaramin garin masunta ce. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta shiga irin ƙungiyar nan ta 'yan mata masu yawa da ke waƙa da rawa tare cikin kaya iri ɗaya. Ba ta cikin na gaba. Shekara da shekaru a layin baya take, inda kyamara ba ta kaiwa sai da kuskure. Da ta bar ƙungiyar ta koma fim, nan ma daga ƙasa ta fara: mai kawo shayi, mai amsa waya a ofis, har gawa ta taɓa fitowa. Ɗiyata ta nuna mini wurin, na ga gawar ta kwanta da kyau. Ta yi wa fina-finan zane na yara murya, ta yi wasan dandamali irin wanda ake fasa magana a kama waƙa. Sai da ta kusa talatin aka ba ta babban matsayi a wani wasan talabijin da ake nunawa kowace safiya, ta fito a matar da ta riƙe shagon gyaran keke bayan rasuwar mijinta, ƙasar duka ta san ta. Tana cikin wannan tashe muryarta ta lalace, aka yi mata aiki a maƙogwaro, ta yi kusan shekara ba ta waƙa. Da ta dawo muryar ta yi kauri, dole ta sake koyon waƙoƙinta daga farko.

Ina saurara ina jiran inda za a ce giya, ko mijin wata, ko rigimar kotu. Na yi tambayoyi ta gefe, irin waɗanda nake yi wa mai sayar da mota in na ga yana sauri. Babu komai. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne labarin ya yi kama da nawa. Ni ma na san zaman layin baya. Ban so ta zama mutuniyar da zan girmama ba.

Sai wata Asabar yarinyar ta ba ni abin da nake nema, ko in ce abin da na ɗauka shi ne. Ta ce a zamanin ƙungiya akan shirya ranar gaisawa, kowace yarinya ta tsaya a teburinta, masoyanta su yi layi su gaishe ta. 'Yan gaba layinsu har waje. Ita kuwa wani lokaci mutum bakwai, wani lokaci huɗu. Sai ta sayi ɗan littafi, duk wanda ya zo ta rubuta sunansa da abin da ya faɗa mata. In ya dawo bayan wata shida sai ta kira shi da sunansa, ta tambaye shi jikin mahaifiyarsa, ko jarrabawar da ya ce zai rubuta. Da haka layinta ya fara tsawo. Har yau, in ji ɗiyata, ba ta karanta wasiƙa a rediyo sai ta faɗi sunan mai ita sau biyu.

Na yi murmushi, don na gane ta sarai. Wannan ai dabarata ce. Ni ma duk wanda ya taɓa sayen mota a hannuna na riƙe sunansa da na yaransa. In mutum ya shigo fili bayan shekara uku na ce masa, "Ina ɗan naka wane, ya gama makarantar?" to an gama ciniki tun bai buɗe ƙofar mota ba.

Ban iya riƙe maganar ba. Washegari muna cin abincin rana na ce, "Mamana, na gama binciken mutuniyarki. 'Yar kasuwa ce, kuma gwana. Kiran sunan nan da ya sa ki kuka, sana'a ce. Ni ma haka nake yi wa masu sayen mota. Ba don tana son ki ba ne, don ki ci gaba da saye ne."

Na faɗa ina jin daɗi, kamar na ɗaga kafet ɗin mota na nuna tsatsa.

Yarinyar ta ajiye cokali. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Da Turancinta ta ce, "Na sani, Baba. Na san aikinta ne." Sai ta ƙara da cewa, "Kai kana kiran sunan yaran mutanen da suka sayi mota sau ɗaya. Ina jin ka a waya. Ni me ya sa ba ka taɓa ƙoƙarin sayar mini da komai ba?"

Matata ta ce, "Ummi!"

Yarinyar ta dubi uwarta ta ce, "Kin ji ko? Ummi. Mamana. Duk wanda ya kira ni a gidan nan, wata yake nufi. Kaka ake girmamawa, ni wuri kawai nake riƙe mata."

Na ce, "Ke kin san darajar da aka ba ki kuwa? Akwai yaran da..." Ban ƙarasa ba ta nemi izini, ta kwashe kwanonta ta kai kicin, ta wanke, ta shiga ɗaki.

Daga ranar hirar Asabar ta mutu. Gaisuwa ba ta fasa ba, tana rusunawa kamar kullum, amma da mun shiga mota sai ta toshe kunnuwanta da abin jin waƙa. Na fara ganin takardun neman karatu a Japan a kan tebur. Na gane in na yi wasa yarinyar nan za ta bi muryar da ke kiran ta, kuma ba jirgi ne zai raba mu ba, tun a falo za mu rabu. Duk da haka, maimakon in duba kaina, sai na shiga gasa. Ta samu lasisin koyon tuƙi a lokacin, sai na ware wata 'yar mota mai tsabta da na yi niyyar turawa gida, na sa aka wanke ta, na kawo ƙofar gida na miƙa mata makulli. Ta yi godiya sosai. Muka shiga don ta gwada, abu na farko da ta yi kafin ta gyara madubi shi ne haɗa wayarta da rediyon motar. Muryar matar ta cika motar da ni na saya. Na ce ai mai koyo ba ya tuƙi da kiɗa, na kashe.

Na taɓa kama kaina ina duba hoton matar a waya a tsakiyar gwanjo, ina cewa a raina wai da me ma ta fi mutane, har wata mota mai kyau ta wuce ni ban taya ba.

Da sanyi ya ja baya, lokacin da itatuwan bakin ruwa na Washington ke fure garin ya cika da baƙi masu zuwa kallo, sai aka ce matar za ta zo Washington. Za ta yi waƙa da rana a zauren wata jami'a a Northwest, bayan an tashi ɗaliban da ke koyon harshen su gaishe ta. Malamar ajin ta zaɓi ɗiyata cikin masu gaisuwar, da sharaɗin babba ya rako ta. Matata, wadda tun da na aure ta ban taɓa jin ta yi ciwon kai ranar fita ba, ta wayi gari da ciwon kai. Na gane dabararta. Na ciro babbar rigata ta Sallah na sa, don in matar nan za ta gan ni, ta san yarinya tana da uba.

Mun sha wuyar samun wurin ajiye mota. Na zauna a zauren na harɗe hannu a ƙirji. Da ta fito sai na ga 'yar ƙaramar mace ce, ta girmi hotunanta, ba wani ado. Ta sunkuya ta gaida mutane, ta fara. Ni ba mai sauraron waƙa ba ne, amma ba zan yi muku ƙarya ba, muryar nan tana da wani kaushi a ƙasanta, irin na wanda ya sha wuya bai ba kowa labari ba. Na saci kallon ɗiyata, leɓenta na bin kowace kalma. Da matar ta yi kuskure ko sau ɗaya da na samu sauƙi. Ba ta yi ba.

Bayan an tashi aka kai mu wani ƙaramin ɗaki, ɗalibai suka yi layi da iyayensu. Ni idona yana kan hannunta. Kafin kowane ɗalibi ya matso sai ta ɗan kalli wata 'yar takarda a tafinta. Na ce a raina, na kama ki, ashe har yanzu da littafin ake aiki. Da layi ya zo kanmu ta sunkuya. Na ji daɗi da ba ta miƙo mini hannu ba, ni ma na ɗan rusuna. Ɗiyata ta gabatar da kanta da Japananci. Matar ta buɗe ido, ta dafa ƙirji, ta faɗi sunan, a gabana, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Sannan ta juyo gare ni ta yi wata doguwar magana, ta sake sunkuyawa.

Na ce, "Me ta ce?"

Yarinyar ba ta kalle ni ba. "Ta ce tun ranar da ta karanta wasiƙata take shakkar ko ta faɗi sunan daidai. Ta ce tunda kai ka zaɓa mini shi, tana roƙon ka faɗa mata yadda ake faɗarsa, ta gyara."

Jama'a, na tsaya a gaban 'yan kwastan, na tsaya a gaban jami'an shige da fice, harshena bai taɓa yin nauyi irin na ranar ba. Matar tana jira da murmushi, ta ɗan karkato kunne. Malamar tana jira. Iyayen da ke bayanmu suna jira. A lokacin ɗiyata ta ɗago ta dube ni, kuma ba fushi na gani a idonta ba, fata na gani. Na buɗe baki. Sai na hango mahaifiyata zaune a kan tabarmarta a Maraɗi, na ji kamar hannu zan ɗaga mata.

Na ce da Turanci, "A gidanmu Mamana muke ce mata."

Kuma ita ɗiyar tawa ce ta fassara. Wannan ne wurin da har yau in na tuna nake runtse ido: da bakinta ta juya gazawata zuwa Japananci, a hankali, cikin ladabi. Matar ta gyaɗa kai, ta maimaita "Mamana" tana murmushi. Sannan ta ɗauki alƙalami ta sa hannu a kan hoton da yarinyar ta kawo, ta sake faɗin sunan na yanka, a karye kamar yadda ta saba, tunda babu wanda ya gyara mata.

A Beltway, babbar hanyar da ta kewaye Washington, cunkoso ya riƙe mu. Sai da muka kusa sauka yarinyar ta ce, "Ba komai, Baba. Na san ba za ka iya ba. Na gode da ka kawo ni."

Na daɗe ina ciniki. Mai saye in ya yi faɗa, ya ce motarka gwangwani ce, ya buga ƙofa ya tafi, wannan zai dawo. Wanda ba ya dawowa shi ne wanda ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, na gode." Muryar da na ji ke nan a kujerar gefena.

Da muka isa gida na ba matata labari, na ƙara da cewa ai ita ma ba ta kira. Ta ce, "Ni suruka ce, kai ɗa ne. Mai sunan tana da rai, kuma tana da waya."

Washegari da safe na shiga ofishina na fili, na rufe ƙofa, na kira gida. A can an yi azahar. Bayan gaisuwa da tambayar kowa da kowa na yi ta kewaye-kewaye, har mahaifiyata ta ce, "Kai, faɗi abin da ya sa ka kira. Mi ya samu takwarata?"

Na ba ta labari duka, har da 'yar takardar tafin hannu. Ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Yanzu kai da girmanka, 'yar waƙa ta kayar da kai?"

"Inna, ba haka ba ne. Sunanki ne fa. Ta yaya zan..."

"Ni ma kai ne na fari gare ni. Ka taɓa jin sunanka a bakina?"

"A'a."

"Ka mutu?"

"Ban mutu ba."

"To. Amma kai a tsakar gida ka tashi. In na ƙi kiran sunanka, gwaggonninka na nan, maƙwabta na nan, kowa na gaya maka don kai ne babba, don kai ne abin ji. Ita wa ke gare ta can da zai gaya mata? Ka ɗauki ɗiya ka kai ta ƙasar da ake kiran shugaban ƙasa da sunansa, ka yi mata shiru, kana jira ta gane da kanta?"

Na ce, "To ya zan yi, Inna?"

"Sunan nawa ne ko naka?"

"Naki ne."

"To na ba ka. Kira ta. Sai dai kada ka kuskura ka yi a inda nake ji."

Izini ya samu, amma harshe bai samu labari ba. Kwana biyar ina gwaji ni kaɗai a mota. In na hau Beltway sai in rufe gilashi in faɗa a hankali, in kama istigfari ban san na mene ne ba. Wani direban babbar mota ya taɓa leƙo ni yana kallon dattijo na magana da sitiyari. A gida sau biyu ina buɗe baki, Mamana ce ke fitowa.

Ranar Asabar na kai ta tasha kamar kullum. Ta ce sai an jima, ta fita. Ina kallon bayanta, jaka a kafaɗa, har ta kusa ƙofar shiga. Na sauke gilashi. Na yi niyyar in faɗa a hankali, da taushi, yadda matar take yi. Abin da ya fito kuwa muryar da nake taya mota da ita a gwanjo ce. Mutum uku suka waiwayo.

Ita ba ta waiwayo nan da nan ba. Ta tsaya cak. Sai ta juyo tana duba hagu da dama, tana neman wani malami ko 'yar ajinsu, don ba ta kawo daga motata kiran ya fito ba. Da ta ga babu kowa sai ni, ta tako a hankali ta dawo har bakin taga.

"Na'am, Baba?" Da Hausa ta faɗa.

Sai a lokacin na tuna ban shirya abin da zan ce bayan sunan ba. Na duba kujera, na duba ƙasa. Na ce, "Ba ki manta komai ba?"

"A'a."

"To. Ki kula da hanya."

Ta tsaya tana kallona tana dariya, idonta ya cika. Motar bas da ke bayana ta danna hon, dole na ja. A madubi na ga ba ta shiga tashar ba har na sha kwana.

Ta je Japan ɗin daga baya, da yardata, ta yi shekara guda ta dawo. Yanzu aikin fassara take yi a nan cikin gari, kuma ita ke kira na, ba ni ke neman ta ba. Ba zan ce na zama mai kiran sunan kullum ba. Har yau Mamana ce ta fi zuwa bakina, ita ma ta daina jin haushin wannan tun da ta san ɗayan yana nan. Nakan fito da shi ne a rana ta musamman, kamar ranar da ta gama jami'a. In mahaifiyata tana kan waya kuwa, ko kusa ba na faɗa. Ban bar al'adarmu ba, ban kuma ga laifinta ba. Laifina shi ne na ɗauka yarinyar da aka haifa a Maryland za ta fahimci shirun uba ba tare da kowa ya zauna ya yi mata bayani ba.

Ita kuwa matar tana nan tana sana'arta. Ɗiyata ta ce yanzu ta fara fitowa a uwa a fina-finai, kuma shirin rediyon bai tsaya ba. Ina girmama ta, gwana ce, ba ta yi mini laifin komai ba. Amma in gaskiya kuke so, ban huce ba. Ni na zaɓi sunan, ni na yanka ragon, ni na fi kowa sanin yadda ake faɗarsa. Sai wata daga wancan gefen duniya ta riga ni, ta faɗe shi a karye, kuma ita aka yi wa kukan farko.